Jarunta, Girman Kai da Faɗuwa: Sarkin Haɗejiya Buhari a Ma'aunin Wasannin Ban Tausayi na Girka

Gabatarwa

Manazarta adabi kan ɗauki kalmar "hubris" ta Girkanci daidai da girman kai, su kuma ɗora mata alhakin faɗuwar kowane jarumi. Wannan maƙala ta gwada fahimtar nan a kan tarihin Sarkin Haɗejiya Muhammadu Buhari ɗan Sambo, domin gano inda ma'aunin Girkawa ya dace da tunanin Bahaushe da inda ya gaza.

Ma'aunin Girkawa

A wurin mutanen Atina, hubris na nufin ƙetare iyaka da wulaƙanta wani, har ma laifi ne a dokarsu. A wasan Farisawa na Eskilas, wanda aka nuna a shekara ta 472 kafin Miladiyya, Sarki Zaksis ya shimfiɗa gada a kan mashigin teku don ya ci Girka, sai rundunar jiragensa ta halaka a Salamis. Shi kuwa Aristotil ya jingina faɗuwar jarumi ga "hamartiya", wato kuskuren da mutum mai daraja kan tafka, sannan al'amura su juye masa, ya gane gaskiya bayan lokaci ya ƙure.

Buhari

Buhari ya hau gadon Haɗejiya a 1848. Bayan kisan Sarkin Auyo Nalara, ɗan'uwansa, Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe shi a 1850, aka naɗa Ahmadu ɗan Sambo. Buhari ya ƙi sallamawa. Ya komo da yaƙi a 1851, ya ƙwace garin, aka kashe Ahmadu. A Gamon Kaffur na 1853 ya tarwatsa taron dangin da Galadiman Kano Abdullahi ya jagoranta. Daga nan ya shekara goma babu mai tanƙwara shi, har ajali ya riske shi a 1863 a yaƙin Gogaram, a ƙasar Bade.

Zubin labarin ya yi kama da na Girkawa: zub da jinin dangi, bijire wa hukumar da ke sama, nasarar da ta ƙara masa ƙarfin gwiwa, sannan mutuwa a fagen da bai kai Kaffur girma ba. Mutumin da Sakkwato ta kasa kayarwa, maƙwabta ne suka kayar da shi.

Inda ma'aunin ya gaza

Bahaushe bai ɗauki alfaharin jarumi aibi ba. Kirari kansa yabon kai ne da al'umma ta halatta. Abin ƙi shi ne ƙetare haddi, shi ya sa aka ce girman kai rawanin tsiya. Haka nan ana fassara mutuwar jarumi da cikar ajali, ba lallai sakamakon kuskurensa ba. Saboda haka Buhari ya zama mai fuska biyu: ɗan tawaye a idon Sakkwato, gwarzo a bakin Haɗejiyawa da dama.

Kammalawa

Ma'aunin Girkawa yana haska yadda labarin ya ginu, amma hukuncin da aka yanke wa jarumin yana hannun masu ba da labarin. Wajibi ne mai nazari ya fara tantance bakin da riwaya ta fito kafin ya kira Buhari mai girman kai.