Kamera marar madubi a ƙarƙashin ranar Sahel

A shekarar 2008 ne kamfanin Panasonic na ƙasar Japon ya fito da wata kamera mai suna Lumix G1, wadda aka ƙera ba tare da madubin nan da aka saba gani a cikin manyan kamerori ba. Sony ya kawo tasa A7 a 2013, mai faranti daidai da girman filim na da, watau milimeta 36 a kan 24. Canon da Nikon, waɗanda suka daɗe suna jan ƙafa, su ma suka shigo da ƙarfinsu a 2018. A yau galibin sababbin kamerorin da waɗannan kamfanoni ke fitarwa marasa madubi ne, har sun iso hannun masu hoton buki da ƴan jarida a Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Tawa. Kaya ne masu tsadar gaske. Amma sau da yawa mutum yakan zuba dukiyarsa ya sayi irin wannan na'ura, sa'an nan ya bar ta a kan AUTO, ya sakar mata ragama, ya koma yana ƙorafi wai fuskar ango ta fito kamar gawayi. Ɗaurin aure kuwa ba a sake shi domin mai hoto ya gyara kuskurensa.

Ya kamata a fara sanin abin da cire madubin ya canza. A tsohuwar kamera, haske yakan shiga ta gilashi ya bugi madubi, madubin ya tura shi sama zuwa idon mai ɗauka. Farantin da ke karɓar hoto yana ɓoye a baya, ba ya ganin kome sai lokacin da aka danna. A sabuwar, hasken yana sauka kai tsaye a kan faranti, kuma maleƙar da ake kafa wa ido wata ƴar ƙaramar talabijin ce mai nuna abin da farantin yake gani. Ma'ana, mutum yana ganin hotonsa tun bai ɗauka ba. In zai yi duhu, ga duhun nan a gabansa. In zai ƙone da haske, ga shi nan ma. Magabata irin su Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki rayuwar birnin Yamai a shekarun 1960 da 1970, sai sun wanke filim kafin su san abin da suka samo.

Abubuwa uku ne ke yanke yawan hasken hoto. Akwai ƙofar gilashi, wadda ake rubuta faɗinta da f/2, f/4, f/8, f/16, kuma gwargwadon girman lambar gwargwadon ƙanƙantar ƙofar. Akwai labulen da ke buɗewa ya rufe, wanda ake auna saurinsa da kason daƙiƙa, kamar 1/100 ko 1/1000. Akwai kuma ISO, watau ƙarfin da ake ƙara wa abin da farantin ya karɓa. Kowane cikakken mataki a cikin ɗayansu yana ninka hasken ko ya raba shi biyu. Tsohuwar ƙa'idar masu filim tana nan daram: da rana tsaka, sama garau, ISO 100 da 1/100 da f/16 suna ba da hoto daidai. Wanda ya riƙe wannan a kansa zai gane nan da nan idan na'urarsa ta soma yi masa ƙarya.

Takan yi ƙarya kuwa, domin ma'aunin hasken da ke cikinta bai san riga ba, bai san mutum ba. An horar da shi ne a kan cewa in aka gauraya duk abin da ke gabansa, zai tashi ruwan toka matsakaici, mai mayar da kimanin kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. A ce ranar Salla ce a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, dattawa sun jeru da fararen riguna da rawuna, ƙasa kuma fara fat da rairayi. Ma'aunin zai ga fari ya yi yawa, sai ya rage haske domin ya mayar da farin ruwan toka. Riga ta yi dauɗa a hoto, fuskokin da dama can ba su kai rigar haske ba su nutse gaba ɗaya. Da dare kuma akasin haka ake samu: duhu ya cika wuri, ma'aunin ya ƙara haske fiye da kima, fuskar da fitila ta haska ta wanke fes ba kama. Wannan matsala ta girmi kamerar zamani. A zamanin filim mai launi, kamfanin Kodak na Amurka ya shekara da shekaru yana ba masu wankin hoto wani kati da ake kira Shirley, mai ɗauke da hoton farar mace, a kansa ake daidaita launi, kuma baƙar fata ba ta cikin lissafin.

Maganin yana ƙarƙashin babban yatsa. Kowace kamera marar madubi tana da ƴar ƙafa ko maɓalli mai alamar + da −, wanda ke gaya wa ma'aunin ya ƙara ko ya rage a kan abin da ya zaɓa. Sai a bar AUTO a koma kan A, wanda Canon ke rubutawa Av, a zaɓi ƙofar gilashi da kai, a bar wa na'ura saurin labule, a riƙa juya ƴar ƙafar ana kallon fuska a maleƙa. A gaban fararen riguna akan bukaci ƙarin kamar mataki ɗaya, da dare kuma ragi. Wasu kamerori, irin na Sony, suna da wani zaɓi da ke sa ma'aunin ya fifita fuskar da ya gano a kan sauran wurin, kuma mai hoton buki ba shi da dalilin barinsa a kashe.

Sai dai ido ma yana ruɗuwa. A tsakar rana allon baya ba ya ganuwa, maleƙa kuma takan ƙara wa kanta haske, har hoto mai duhu ya yi kamar daidai. Saboda haka aka tanadi istogiram, wani zane mai kama da tudu da ake iya kunnawa a kusurwar maleƙa: hagunsa duhu, damansa haske. In tudun ya jingina da bangon dama ya hau shi, to, wani sashe na hoton ya ƙone, kuma abin da ya ƙone ba ya dawowa. Aikin allurar da aka yi wata da watanni ana yi a wuyan riga zai zama farin fili kawai. Wasu kamerori suna kuma ɗora ratsi-ratsi irin na jakin dawa a kan duk inda ke shirin ƙonewa. Dabarar ita ce a yi ta ƙara haske har ratsin ya soma fitowa a kan rigar, sa'an nan a koma baya kashi ɗaya cikin uku na mataki.

Akwai lokacin da tazarar farar shadda da fuskar da ke cikin inuwar rawani ta fi ƙarfin kowane saiti. Nan sai a koma ga abin da masu hoto suka sani tun da can. A ja mutum zuwa inuwar zaure ko ta bedi, fuskarsa tana duban fili. In ba a iya motsa shi, a kunna masa filashi ko da rana ce, domin ya cike inuwar. A yawancin kamerori filashi ba ya tafiya da labulen da ya wuce 1/200 ko 1/250, saboda haka da ISO 100 a tsakar rana sai ƙofa ta koma wajen f/11. Hanya ta uku ita ce ɗauka da RAW. Hoton JPEG yana da matakai 256 a kowane launi, RAW mai bit 14 yana da 16384. Mai RAW yana iya kare farar rigar a lokacin ɗauka, daga baya ya ɗago fuskar a kwamfuta ba tare da ta dagule ba. Kuɗin wannan shi ne cikar kati da ɓata dare a gaban kwamfuta. Wanda masu buki ke jira ya tura musu hotuna ta waya kafin magariba, gara ya sa kamera ta ajiye duka biyun.

Wanda kuma ke son bayan mutum ya narke, fuska kaɗai ta fito, yana bukatar buɗe ƙofa zuwa f/2. Lissafin bai da wuya: daga f/16 zuwa f/2 matakai shida ne, saurin labule ya tashi daga 1/100 zuwa 1/6400. Labulen ƙarfe na kamerori da yawa yana tsayawa a 1/4000, manyan kuma a 1/8000. Labulen lantarki ya zarce nan, a na Fujifilm da yawa yana kai 1/32000.

Wannan labule na lantarki ba ya ƙara ko kaɗan, abin da ya sa ya dace da wurin ɗaurin aure, da zaman fada, da duk inda ƙarar kamera za ta zama rashin ladabi. Amma yana da aibi biyu. Yana karanta faranti layi bayan layi, daga sama zuwa ƙasa, saboda haka abin da ke gudu sosai, kamar ƙafar doki ko takobin mahayi, yana iya fitowa a karkace. Na biyu ya shafi fitilun ɗaki. Wutar lantarki a Nijar mai juyi 50 ce a daƙiƙa, dogayen fitilu da waɗansu na LED suna ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa, ido bai gani, faranti yana gani, sai hoto ya fito da ratsin haske da duhu. A irin wannan ɗaki sai a tsaya a kan 1/50 ko 1/100, ko a koma ga labulen ƙarfe. Sony ya sanar da A9 III a 2023, mai karanta faranti gaba ɗaya a lokaci guda, wadda ba ta karkatar da kome, sai dai kuɗinta ba na kowa ba ne.

A filin sukuwa ko na kokowa magana ta canza. Labule ya zama 1/1000 ko fiye, ISO a bar wa na'ura tare da yi masa iyaka, saitin gani kuma a sa shi kan AF-C, mai bin abu yana tafiya. Gano ido da fuska yana aiki da kyau a hoton mutum ɗaya, amma a cikin taro yakan bar ɗan kokowa ya kama wani ɗan kallo, ƙura ma tana ruɗa shi. Gara a ƙuntata masa wurin nema zuwa ƙaramin akwati a tsakiya. A gasar takobin ƙasa, wadda aka soma a Tawa a 1975, kaye yakan zo cikin ƙiftawar ido bayan dogon jira, kuma yatsa kullum a makare yake. Olympus ya kawo maganin wannan a 2016 da abin da ya kira Pro Capture: muddin an danna maɓalli rabi, kamera tana ta ɗauka tana zubarwa, in aka ƙarasa dannawa sai ta ajiye har da hotunan da suka gabaci dannawar. Wasu kamfanoni sun bi sahu. Tun da ba a samun sukunin shiga jerin zaɓi a tsakiyar hawa, sai a ajiye waɗannan saituna tun a gida, a guraben da Canon ke kira C1 zuwa C3, Nikon kuma U1 zuwa U3: ɗaya na rana, ɗaya na ɗaki, ɗaya na gudu.

Saura abin da ƙasa da iska ke yi wa na'urar. Da aka cire madubi, faranti ya matso bakin ƙofa: milimeta 16 a Nikon Z, 18 a Sony E, 20 a Canon RF, alhali a tsohuwar Canon EF 44 ne. Amfanin wannan shi ne tsofaffin gilasai suna hawa sabuwar kamera da ɗan zoben haɗi, ba sai an zubar da su ba. Illarsa kuma tana bayyana da hunturu, lokacin da hazo ya rufe gari. Duk sa'ad da aka cire gilashi, farantin yana tsirara. Canon EOS R takan sauke labule ta rufe shi in an kashe ta, Nikon Z9 kuma tana da marfi na musamman, amma da yawa ba su da kome. A kashe kamera, a shiga ɗaki ko mota, a kifa bakinta ƙasa, sa'an nan a canza. Mai son sanin ko ƙura ta shiga, ya ɗauki farin bango da f/16, ɗigo-ɗigon za su fito. Ana kore su da ƴar robar hura iska. Hurawa da baki tana barin yawu, gefen riga kuma yana karce gilashin da ke kan farantin.

Zafi ma haka. Yawancin kamfanoni suna rubuta cewa na'urarsu ta yi aiki tsakanin digiri 0 da 40, bazarar Afrilu da Mayu kuwa takan wuce nan ko a inuwa. Baƙar kamera da aka bari a rana ko a rufaffiyar mota tana iya kashe kanta a tsakiyar ɗaukar bidiyo. Batir kuma yana saurin ƙarewa, tun da faranti da maleƙa ba su hutawa. A Sony A7 III, alal misali, awon kamfani ya ba da hotuna 710 da allon baya, 610 da maleƙa. A rage lokacin da take jira kafin ta yi barci, a kashe Wi-Fi in ba a aika hoto, a tafi buki da batir biyu ko uku. Sababbin suna karɓar caji ta USB-C daga irin batirin ajiyar da ake cajin waya da shi, abin da ke fid da mai hoto kunya a ƙauyen da ba wuta ko a daren da aka ɗauke ta.