Masu Awon Kumburin Roba

Roba idan ta ji wuta sai ta kumbura, idan aka matse ta ta tsuke, in ta huce kuma ta ƙanƙance. Mai masana'anta ya san haka, amma adadi yake nema: nawa take tsukewa, a wane zafi, da wane matsi? Kafin a sassaƙa mazubin murfin bokiti, sai an san yadda robar za ta koma bayan ta huce, in ba haka ba murfin ya ƙi zama. Masu samar da wannan amsa ma'aikatan ɗakin gwaji ne, kuma aikinsu na masu haƙuri ne.

Robar da ake aunawa ba ta fi giram ɗaya ko biyu ba. Da farko a busar da ita sarai, domin ɗan laima ko kumfar iska guda ya isa ya ɓata awon yini. Hanyoyin awon biyu ne: a ɗaya, ana zuba ta cikin siririn bututun ƙarfe a danna da fistin. A ɗayar, wadda Paul Zoller na Jami'ar Kolorado a Amurka ya inganta, ana nutsa ta cikin zaiba a ɗan ƙoƙo mai murfi kamar zugazugin maƙeri. Zaibar tana matsa ta daidai ta kowane gefe, na'ura kuma tana karanta motsin murfin komai ƙanƙantarsa. Matsin yakan kai megafaskal 200, wato wajen ninki 2,000 na iskar da ke kanmu, zafin kuma ya kusanci digiri 400.

Daga nan sai zaman jira. A ɗaga zafi kaɗan, a bari ya ratsa, a ƙara matsi, a rubuta. A zanen da ke fitowa ne gwani ke karanta halin robar. Robar folistarin takan sauya hali a hankali wajen digiri 100. Folifurofilin kuwa, wadda ake kujeru da bokitai da ita a masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano, girmanta faɗuwa yake yi farat ɗaya lokacin daskarewa, shi ya sa ta fi tsukewa a mazubi. Lissafin da ake jera alƙaluman a kansa na Peter Tait ne, ɗan Sikotlan, wanda ya fitar da shi a 1888 yana nazarin matsuwar ruwan teku.

Abin da ya fi burge ni a wurinsu shi ne ba sa ɓoye raunin awonsu. A ɗakin gwaji roba tana hucewa a hankali, digiri kaɗan a minti, a masana'anta kuwa cikin daƙiƙoƙi take sandarewa, kuma saurin yana sauya zafin da take daskarewa. Don haka ma'aikacin ƙwarai ba ya miƙa wa injiniya alƙaluma sai ya rubuta saurin hucewar a gefensu.