Shekarar 1985: Waƙar da Yunwa ta Haifa

A shekarar 1985, waƙa da labarun duniya sun gamu a hanya guda. Tun 1984 fari ya ƙone Sahel, yunwa kuma ta hallaka dubban mutane a Habasha. Cikin watan Maris mawaƙan Amurka suka fitar da faifan "We Are the World", wanda Maikel Jakson da Layonel Rici suka tsara, ya yi mako 4 yana kan gaba a jerin waƙoƙin ƙasar. Ran 13 ga Yuli aka yi wasan Live Aid a Landan da Filadelfiya. Kuɗi suka taru, hatsi ya iso. Amma manomin Tawa da na Damagaram sun sani, taimako ba ya cika rumbu, sai damina.