Haƙora 46 ko 36? Lissafin farantin gaba a keken lantarki

Wanda ya sayi injin BBS02 na kamfanin Bafang da ke Suzhou a ƙasar Sin don ya ɗaura wa kekensa, yakan iske faranti mai haƙora 44, 46, 48 ko 52 a cikin kwalin. Yawanci ɗaurawa kawai ake yi, sai ranar da keken ya fara nishi a kan tudu ake tunawa da shi. Shi wannan inji a gindin feda yake zaune, ba a cibiyar taya ba, don haka duk ƙarfinsa ta sarƙa yake bi. Giyar da ƙafarka ke ciki, ita shi ma yake ciki.

Lissafin ba wuya. Ka raba haƙoran gaba da na baya, abin da ya fito shi ne yawan juyin taya a kowane zagayen feda. Mu ɗauki taya mai inci 26, wadda ke cin kusan mita 2.1 a juyi guda, da jerin farantan baya daga haƙora 11 zuwa 34, da mahayi mai taka feda sau 80 a minti.

Da faranti 46 a kan 11, taya na juyawa sau 4.18, gudu ya kai kilomita 42 a awa. A kan 34 kuwa sau 1.35 ne, kilomita 13.6. In aka sauya zuwa 36, ƙarshen gudu ya sauko 33, giyar hawa ta koma 10.7. Bambancin duka ɗaya ne: 46 ya fi 36 da kashi 28 cikin ɗari, kuma wannan 28 ɗin za ka yi ta cin karo da ita ko'ina.

A kan tudu ne ƙaramin faranti ke biyan kuɗinsa. Ka ce hawa ya rage maka gudu zuwa kilomita 8 a awa. Da 46 da 34 feda na zagayawa sau 47 kacal a minti. Da 36 da 34, sau 60. Injin lantarki ba ya son a danne shi yana juyawa a hankali. Wuta zai yi ta zuƙa daga batir, mai yawa daga cikinta ta zama zafi. Ka sauka a ƙarshen hawan ka ɗora tafin hannu a jikin inji, zai ba ka labari. A BBS02 akwai wata giyar roba mai tauri a ciki, kuma ita da akwatin sarrafa wuta su suka fi shan wahalar irin wannan tuƙi.

Ƙarfin murɗawa ma haka. Injinan Bosch Performance Line CX na 2020 da Shimano EP8 an san su da Nm 85. Ta 46 da 34, abin da ke isa tayar baya Nm 63 ne. Ta 36 da 34, Nm 80.

To, wa ke biyan wannan ƙarin? Sarƙa. Tazarar kowace gaɓarta milimita 12.7 ce, shi ya sa daga tsakiyar faranti 46 zuwa bakinsa milimita 93 ne, na 36 kuwa 73. Nm 85 ɗin nan a kan 46 yana jan sarƙa kamar an rataya mata kilo 93. A kan 36 ya zama kilo 119, ba a ma sa na ƙafar mahayi ba. Babban wan BBS02, wato BBSHD, da ake tallata shi da Nm 160, in an ɗauki tallar a yadda take, zai ɗora wa sarƙa sama da kilo 220 a kan 36. Ga kuma wata ɓarnar da ba a lura da ita da wuri: don ka riƙe kilomita 25 a awa da taku 80, mai 46 yana zaune a farantin baya na 18 ko 19, mai 36 kuwa sai ya gangaro 14 ko 15, ya ɗan ƙara wuta ya faɗa 11. Haƙora biyar ko shida ne kawai ke riƙe sarƙa a can. Ba su daɗewa suke lanƙwashewa kamar ƙaya, sarƙa ta fara tsalle da zarar an taka da ƙarfi.

Kilomita 25 ɗin ba ni na zaɓe ta ba. Nan dokar Tarayyar Turai ta ce inji mai wat 250 ya janye hannunsa. A Amurka iyakar mil 20 ce, ko 28 ga rukuni na uku, wato kusan kilomita 32 da 45. Mai faranti 52 a Jamus ado kawai ya ɗaura.

Wajen ɗaurawa akwai tarko. Farantin asali na Bafang mai zurfi ne kamar kwano, yana lulluɓe murfin giyar inji don sarƙa ta matso ciki. Na 36 ya yi ƙanƙanta, dole ya zauna ta waje. Ka tsuguna bayan keken ka runtse ido ɗaya ka bi sarƙar da kallo: a kan 34 za ka gan ta ta karkace sosai, a daidai giyar da ka sayi farantin dominta. Sai a nemi mai haƙora siriri da kauri bi da bi, wanda ke damƙe sarƙa, a kuma cire gaɓa huɗu, tunda ragin haƙora goma a gaba ya bar rarar gaɓa biyar, ita kuwa sarƙa bibbiyu ake rage ta. Kada kuma lamba ta ruɗe ka a wasu tsofaffin injinan Bosch na kafin 2020: farantinsu na juyawa sau biyu da rabi a kowane zagayen feda, 16 a wurinsu 40 ne.

Ni dai da za a tambaye ni, baya zan fara taɓawa. Faranti 42 a gaba da jerin 11 zuwa 42 a baya yana ba da juyi ɗaya daidai a giyar hawa, ƙasa da 1.06 na 36 da 34, gudu bai gaza kilomita 38 ba, sarƙa kuma na ɗauke da kilo 102. Sharaɗinsa ɗaya: hannun canza giya na baya ya iya hawa 42, domin tsofaffi da yawa a 34 ko 36 suke tsayawa.