Eleonora Duse: Jarumar Da Ta Ƙi Shafa Hoda

Jama'a, yau za mu leƙa Italiya mu ga wata mata da ta sauya yadda ake wasan kwaikwayo tun kafin fim ya fara magana.

An haifi Eleonora Duse ranar 3 ga Oktoba 1858 a garin Vigevano. Iyayenta ƴan wasa ne masu yawo gari-gari, don haka tana shekara 4 aka ɗora ta kan dandamali. Tana 14 ta fito a matsayin Juliet a birnin Verona.

To, me ya bambanta ta? A zamaninta jarumai sai ihu da faɗi-tashi da kwalliya kamar ba gobe. Ita kuwa ta ƙi shafa hoda, ta ce fuskarta za ta yi aikin. A 1895 a Landan, ita da babbar kishiyarta a sana'a, Sarah Bernhardt ta Faransa, kowa ta fito a rol ɗin Magda. Marubuci George Bernard Shaw ya kalli duka biyun ya zaɓi Duse, domin ya ga kunya ta gaske ta sauya mata launin fuska a gaban ƴan kallo.

Sai dai soyayya ta ba ta wuya. Ta zuba kuɗinta da sunanta a wasannin marubuci Gabriele D'Annunzio, shi kuma ya ɗauki wasansa La città morta ya miƙa wa Bernhardt. A 1900 ya fitar da littafin Il fuoco, inda mutane suka gane sirrin zamansu ya tona. Wallahi abin da ciwo.

Ta bar wasa a 1909, ta yi fim guda tak, Cenere, a 1916, sannan ta dawo dandamali a 1921. A 1923 ta zama mace ta farko a bangon mujallar Time. Ta rasu a Pittsburgh ta Amurka ranar 21 ga Afrilu 1924, tana tsaka da rangadin wasa, aka binne ta a Asolo.

Sunan fa? Eleonora ya samo asali ne daga Aliénor, sunan sarauniya Eleanor ta Aquitaine a ƙarni na 12. Bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne daga Latin "alia Aenor", wato "wata Aenor ɗin", saboda sunan mahaifiyarta ke nan.

Ku faɗa mana, wace jaruma ce a yau za ta iya tsayawa gaban kyamara ba hoda?