Kaki Da Kurkuku: Sun Isa A Miƙa Wa Mutum Ragamar Ƙasa?

Duk sa'ad da zaɓe ya gabato, akwai wata magana da kan riƙa yawo a rumfunan kasuwa da bakin majami'a bayan an tashi sujada: ai wane tsohon soja ne, ya ga yaƙi, ya sha ɗauri, saboda haka shi ya cancanci kujera. Mun ji ta a 1999, mun ji ta a 2015, ba mu kuwa shakkar za mu sake jin ta. To, kafin ta sake zagayowa mun ga ya kyautu mu ɗora ta bisa ma'auni, kuma ba inda ya fi dacewa mu yi awon kamar yammacin Jihar Katsina, watau Zakka da sauran ƙauyukan Safana da Batsari waɗanda ke gefen dajin Rugu. Mutanen wannan yanki sun gwada maganar da ƙuri'unsu, sun kuma ga abin da ta haifa da idanunsu.

A zaɓen 2015 Jihar Katsina ta ba Janar Muhammadu Buhari ƙuri'a sama da miliyan 1.3, abokin karawarsa Goodluck Jonathan bai kai dubu 100 ba. Ba don mutumin Daura ne kaɗai aka yi haka ba. Ɓarayin shanu sun riga sun addabi bakin daji, Boko Haram na riƙe da garuruwa a Borno, jama'a kuwa suka dubi tarihinsa: ya yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya fatattaki sojan Chadi daga tsibiran Tafkin Chadi a 1983, ya mulki ƙasa daga ƙarshen 1983 zuwa Agusta 1985, kana waɗanda suka ture shi suka tsare shi a Benin har 1988. Aka ce wanda ya yi duk wannan, 'yan fashin daji ba za su gagare shi ba. Ba Musulmi kaɗai suka yi wannan lissafi ba. Akwai 'yan'uwanmu da yawa da suka bi layi ran zaɓe da irin wannan zato.

Gaskiya dai ba ma ƙin faɗinta: a zamaninsa an rage ƙarfin Boko Haram a garuruwan arewa maso gabas. Amma a gefen Rugu abin sai ya daɗa ɓaci. A watan Mayu 2019 aka kashe manoma 18 a 'Yar Gamji ta Batsari, har jama'a cikin fushi suka kwashi gawawwakin zuwa birnin Katsina don manya su gani. A watan Fabrairu 2020 aka hallaka mutum 30 a Tsauwa da Dankar, duk a Batsari. Ran 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, alhali Shugaban Ƙasa na hutu a Daura a daidai wannan mako. A watan Satumba 2021 sai da aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Safana da Batsari, aka rufe kasuwannin dabbobi. Ikilisiya ma ba ta tsira ba: a 2021 aka kashe wani fada a Malumfashi, a 2022 aka sace waɗansu biyu a ƙasar Kafur. Janar Buhari ya rasu ran 13 ga Yuli 2025, ba kuwa tonon asirin mamaci muke yi ba. Abin da muke cewa shi ne, jarumtakar 1968 ba ta hana a kori manomin Zakka daga gonarsa a 2020 ba, gama matsalar ba ta bakin daga ba ce kaɗai. Akwai burtalin da aka nome, da kotun da makiyayi bai yarda da ita ba, da bindigogin da ke shigowa ta kan iyaka, da samarin da ba makaranta ba sana'a. Waɗannan ba a koyar da su a filin fareti.

Sai batun ɗauri. Nan ne maganar ta fi taɓa zuciya, domin a wannan yanki kamu ba labarin littafi ba ne. Da wuya ka sami ƙauyen da ba a taɓa sayar da hatsi ko gona an kai kuɗin fansa ba. Har manyan soja ba su kuɓuta ba: a watan Fabrairu 2025 aka ɗauke Birgediya Janar Maharazu Tsiga mai ritaya, tsohon shugaban hukumar masu yi wa ƙasa hidima, daga gidansa a Tsiga ta Bakori, ya yi kwana 56 a hannun 'yan bindiga. Kowa ya tausaya masa, mu ma mun yi masa addu'a. Amma ba mu ji wanda ya ce tun da ya sha wannan wuya sai a ba shi gwamna ba. Da kuwa ɗauri ne ke kawo cancanta, ai da matan Batsari da suka yi wata da watanni a daji da goyo a baya sun cika Majalisar Dattawa. Me ya sa wahalar mai kaki za ta zama takardar shaida, ta mai zane kuwa ta zama abin da ake rufewa a yi shiru?

Wannan gardama ba tamu kaɗai ba ce. A Amurka an yi ta a kan John McCain, matuƙin jirgin yaƙi wanda aka harbo a sararin Hanoi ta Biyetnam a watan Oktoba 1967. Ya karye hannu biyu da ƙafa ɗaya, ya zauna fursunan yaƙi shekara biyar da rabi, sai a watan Maris 1973 aka sako shi. Da ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 2008, wani tsohon janar mai suna Wesley Clark ya fito ya ce a harbo jirgin mutum ba shi ne cancantar shugabanci ba. Aka yi ta zaginsa, amma daga bisani Amurkawa suka zaɓi Barack Obama wanda bai taɓa sa kaki ba. A ganinmu Clark ya faɗi rabin gaskiya ne. Faɗuwar jirgi ƙaddara ce, ba zaɓi ba. Amma a 1968 masu tsare da McCain sun yi tayin sakinsa don mahaifinsa babban hafsan sojan ruwa ne, shi kuwa ya ƙi fita kafin waɗanda aka riga shi kamawa, ya sha azaba saboda haka. Wannan zaɓi ne, kuma ya nuna hali. Bayan shekaru, yana ɗan majalisa, yana cikin waɗanda suka tsaya har Amurka ta maido da hulɗa da Biyetnam a 1995. Watau abin dubawa ba ɗaurin ba ne, abin da mutum ya yi a cikinsa ne, da kuma abin da ya yi wa masu ɗaurinsa ran da iko ya dawo hannunsa.

Mu ma fa muna da namu laifin, kada mu tsaya nuna maƙwabta da yatsa. Janar Olusegun Obasanjo shi ya karɓi miƙa wuyan Biyafara a Janairu 1970. Gwamnatin Abacha ta ɗaure shi a 1995, ya zauna a kurkukun Jos da na Yola, ya fito a watan Yuni 1998 yana shaidar yadda ya kusanci Ubangiji a can. Daga bagadai da yawa aka yi ta kamanta shi da Yusufu, daga kurkuku sai fada. Ya yi abin kirki, ba musu. A 2005 ya samo wa Nijeriya yafewar bashin dala biliyan 18. Amma a zamaninsa ne soja suka rushe garin Odi a watan Nuwamba 1999, suka kuma yi kisa a Zaki Biam ta Binuwai a watan Oktoba 2001, garuruwan da yawancin mazaunansu Kirista ne. A 2006 kuma sai da Majalisar Dattawa ta taka wa yunƙurin ta-zarce birki. Wanda ya ɗanɗani zaluncin masu bindiga, mun zaci ba zai bari a yi wa wani ba. Ashe ba lalle ba ne.

Har wa yau akwai wata kewa da mukan ji a bakin waɗansu dattawanmu na Katsina, cewa zamanin soja ya fi, don a lokacin ne jihar ta ga gwamnoni irin su Lawrence Onoja da John Madaki da Emmanuel Acholonu da Joseph Akaagerger. Mun fahimci dalilin kewar. Sai dai naɗo su aka yi daga sama, ba wanda ya tambaye mu, kuma hannun da ya kawo su shi ya ɗauke su ran da ya ga dama.

Da yake an ambaci Yusufu, bari mu koma Littafi Mai Tsarki mu duba da kyau, gama sau da yawa mukan tsaya a rabin labari. Fir'auna bai naɗa Yusufu don ya sha kurkuku ba. Kurkukun Masar cike yake da fursunoni, ba wanda aka kira. Ya naɗa shi ne don ya zo da shiri a hannu: a karɓi kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona shekara bakwai, a tara a rumbunan birane, a sa masu lura. Kafin wannan kuma an riga an gwada shi da riƙon gidan Fotifar da riƙon 'yan'uwansa fursunoni, ba a sami ha'inci ba. Daniyel kuwa shi ne ainihin kamun yaƙi, tun yana saurayi aka kwashe shi zuwa Babila. Amma sa'ad da Sarki Dariyus ya so ɗora shi bisa dukan mulkin, abin da ya ɗaga shi shi ne abokan gābansa sun bincike aikinsa kaf ba su sami cin hanci ko sakaci ba. Ɗan siyasa nawa ne a yau zai jure irin wannan bincike?

Misalin da ya fi kama da halin da muke ciki yana Littafin Mahukunta. Ammonawa sun matsa wa Gileyad, dattawa suka rasa mafita, suka je suka roƙi Yefta, jarumin da da can suka kora, suka yi masa alkawarin shugabanci in ya yi musu yaƙi. Ya yi, ya kuwa ci nasara. Amma bakin da ya yi wa'adi ba tunani ya jawo masa hasarar 'yarsa tilo, da mutanen Ifraimu suka zo da ƙorafi kuma, bai san wata hanyar sasanci ba sai takobi, aka kashe 42,000 daga cikin 'yan'uwansa Isra'ilawa. Gidiyon ya sami irin wannan ƙorafi daga wurin mutanen nan, ya kwantar da su da tattausar magana. Dukansu biyu mayaƙa ne. Bambancin ba a fagen fama yake ba. Dawuda ma, da duk ƙaunar da Allah ya yi masa, an hana shi gina Haikali saboda yawan jinin da ya zubar, aka bar wa Sulemanu.

Kada wani ya ɗauka muna raina soja. Yaran da ke kwana a bakin Rugu don mu yi barci, da waɗanda aka binne ba a ko buga sunansu ba, sun cancanci girmamawa, da fansho a kan kari, da kula da gwaurayensu da marayunsu. Wannan bashi ne a wuyan ƙasa. Amma bashin ba da kujerar mulki ake biyansa ba. Tsarin mulkin 1999 ma, a sashe na 131, abu huɗu ya nema ga mai son shugabancin ƙasa: ya zama haifaffen ɗan ƙasa, ya kai shekara 35 (da 40 ne, aka rage a 2018), jam'iyya ta tsayar da shi, ya kuma yi ilimi aƙalla daidai da na sakandare. Bai hana soja ba, bai kuma fifita shi ba.

Gida ɗaya a birnin Katsina ya ishe mu misali. Shehu Musa 'Yar'aduwa ya yi yaƙin basasa, yana cikin waɗanda suka ci Onica a 1968, ya zama na biyu a mulkin ƙasa bayan kisan Murtala a 1976. Amma abin da ya sa har yau ake ambatonsa da daraja ba Onica ba ce. Shi da Obasanjo sun miƙa mulki ga farar hula ran 1 ga Oktoba 1979. Ya tuɓe kaki ya koyi siyasa daga tushe, ya bi ƙasa lungu-lungu yana neman mutane, Kudu da Arewa, Musulmi da Kirista. A taron tsarin mulki na zamanin Abacha mutanensa suka tsaya kai da fata a sa wa soja ranar sauka. Wannan ya jawo aka kama shi a watan Maris 1995, ya rasu a kurkukun Abakaliki ran 8 ga Disamba 1997. Ɗaurinsa ya zama shaida ne domin an san abin da aka ɗaure shi a kai. Ƙanensa Umaru kuwa malamin kimiyya ne, bai taɓa riƙe bindiga ba. Da ya hau mulki a 2007 ya bayyana dukiyarsa a fili, ya kuma amsa da bakinsa cewa zaɓen da ya kawo shi na da aibi. A 2009 ya yi wa tsagerun Neja Delta afuwa suka ajiye makamai, abin da shekarun luguden wuta suka kasa. Shi ma ba tsarkakakke ba ne, gama a shekarar nan ce aka kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda a Maiduguri, wutar da har yanzu ba ta mutu ba.

To, jama'a, ran da motocin 'yan takara suka tsaya a Safana ko Batsari, aka ɗaga hoton wani da kaki da lambobin yabo a ƙirji, a gaishe shi da ladabi, a yi masa godiya a kan hidimarsa. Sa'an nan dattawan ikilisiya da limamai da masu unguwanni su zaunar da shi su tambaye shi: sulhun da Gwamna Masari ya yi da 'yan bindiga a 2019, me ya sa ya rushe? Burtalan da aka nome, wa zai fitar da su, kuma manomin da za a karɓe wa gona me za a ba shi? 'Yan sa-kai da suka kashe marar laifi, wace kotu za ta saurari iyalinsa? Matan da suka dawo daga daji da ciki, ina asibitinsu? A kuma tambaye shi sau nawa ya taɓa kwana a Zakka.