Bakin Taga a Ƙasar da Ke Motsi

Yau shirin namu ya nufi Sudan, ƙauyukan Hausawan da ke zaune a Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu. Abin da ya kai mu kuwa bai fi taƙi ɗaya faɗi ba: bakin tagar ɗakin girki, wurin nan da uwargida ke ajiye gishiri da ashana da kofin shayi. Yaya ake shimfiɗa masa tayil, yaya kuma ake gama gefensa?

Tarihin a taƙaice, don da yawanku kun san shi. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da jama'arsa, har suka kafa garin da ake kira da sunansa, Mai Wurno, kudu da Sinnar kaɗan. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, mahajjatan ƙafa daga Kano da Katsina da Sakkwato suka riƙa tsayawa neman guzuri. Wasu suka wuce Makka, wasu kuma jikokinsu na nan har yau.

To, ni abin da ya fi jan hankalina ƙasar wurin ce. Baƙar laka ce, irin wadda auduga ke so. Da rani takan dare, ta tsattsage har mutum ya zura hannunsa cikin ramin. Da ruwan Yuli da Agusta ya sauka sai ta sha ta kumbura, bakin ya rufe kamar ba a taɓa yi ba. Kowace shekara haka. Ƙasa ta buɗe, ƙasa ta rufe. Ku dubi gidan da ke zaune a kanta. Bango ba ya son motsi, kuma idan zai tsage, daga kusurwar taga ko ƙofa yake farawa, don nan ne raunin gini. Saboda haka mai sa tayil a Jazira yana aiki ne daidai inda bango ya fi rauni.

Bangon kansa, a gidajen masu ɗan hali, na jan bulo ne da ake bugawa a bakin kogi, daga taɓon da ambaliya ke kawowa daga tsaunukan Habasha, a cuɗa da kashin dabbobi, a shanya, a gasa. Masu ƙaramin ƙarfi kuwa ginin ƙasa suke yi, su yaɓe da abin da mutanen can ke kira zibala, wato cakuɗen ƙasa da kashin shanu. A nan ne kuskuren farko yake. Siminti ba ya kama ginin ƙasa. Wanda ya manna tayil kai tsaye a kan zibala, damina ɗaya zai tsince shi a ƙasa. Sai an rarake bakin tagar, an jera jan bulo ko an zuba ɗan dakalin kankare, an bar shi kwanaki ana yayyafa masa ruwa safe da yamma, kafin a yi maganar tayil.

Ku matso kusa mu kalli hannun usta, kamar yadda suke kiran gwanin sana'a. Tun da asuba ya jiƙa tayil ɗin a bokiti. Za ka ji shi yana ɗan tsaki, ƙananan kumfa na tasowa. Ƙishirwa ce yake kashewa. Idan ba a jiƙa shi ba, ruwan kwaɓin zai tsotse, siminti ya mutu bai kama ba. Balle a watan Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce maki 40 a birnin Wad Madani na Jazira. Shi ya sa aikin na sanyin safiya ne. Kwaɓin kuwa, siminti ɗaya yashi uku ko huɗu, a tankaɗe yashin. Usta zai jera tayil ɗin a bushe tukuna, daga tsakiya zuwa gefe, don kada wani siririn yanki ya faɗo a gefe guda ya ɓata ido. Sannan ya shimfiɗa kwaɓi, ya ɗora, ya riƙa ƙwanƙwasawa da ƙotar cokalin gini, ƙwas, ƙwas, kunnensa na saurare. Inda ya ji sauti kamar ganga, akwai rami a ƙasa, sai ya ɗaga ya cike. Tsakanin tayil da tayil yakan soka tsinken ashana, don a sami tazara iri ɗaya. Ta wajen gida kuma dole a ɗan karkata shi, ruwan sama ya gangara waje, kada ya kwanta ya jiƙa bango.

Yanzu gefen. Gefen, jama'a, shi ne inda ake gane gwani. Tayil fuskarsa kaɗai ke da ƙyalli. Gefensa jan yumɓu ne, mai kaifi, mai shan mai da hayaƙi. A ɗakin da ake tuya kisra, wato siririyar gurasar mutanen can, kullum, gefen da aka bari tsirara wata guda ya ishe shi ya baƙanta, kuma shi ne ke yankar hannun yaro mai leƙen taga. Wasu suna sayen siririn ƙarfen alminiyam ko roba su kwantar a bakin kafin tayil na ƙarshe. Yana da sauri, amma na roba rana na cinye shi ya ƙeƙashe. Masu injin yanka suna fere gefen tayil biyu a karkace, su haɗu kamar an naɗe takarda. Kyau kam akwai, sai dai ni ba na ba da shawararsa a wannan ƙasa mai motsi, don bakin ya yi siriri, ƙaramin bugun tukunya ya ɓantare shi. Wanda na fi yarda da shi tsohon yayi ne: a cika gefen da farin siminti, a bi shi da bayan cokali ko ɗan yatsa a jiƙe har ya zama kamar gefen ƙwarya. Idan ya tsage, da kanka za ka gyara.

Abu ɗaya kada a manta. Inda tayil ya haɗu da ƙarfen taga, kada a cusa siminti. Ƙarfe na miƙewa da zafin rana, ya tura tayil ya fasa. A bar 'yar tazara, a cike da silikon mai laushi.

Ana yi mini alamar lokaci. Da na so mu tsaya a kan halin da ake ciki, domin mutanen nan sun sha wuya: rikicin Shuɗin Nilu na 2022, sannan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, wanda ya ci Wad Madani a Disambar shekarar, har sojojin gwamnati suka sake karɓe ta a Janairun 2025. Waɗanda suka gudu, da suka koma sun tarar da gidaje da yawa babu ƙofa babu taga. Mai gyara da kuɗi kaɗan, kada ya raina fasasshen tayil; a bakin taga ƙananan gutsattsari sun fi babban falle jure motsin bango. Allah Ya zaunar da ƙasar Sudan lafiya.